Ƙwallon raga ta yashi a matsayin sana'a: amsoshin tambayoyin da samarin Kebbi ke yawan yi mani

Tun lokacin Olympics ta Paris a 2024, da anka zuba yashi gindin hasumiyar Eiffel anka kafa raga yaranmu sunka gani a waya, tambaya ba ta ƙare mani ba kan wasan nan. Ni dai ƙwallon raga ta siminti na buga da ƙuruciya, yanzu kuma ina ɗan horar da samari kan yashi da yamma nan Birnin Kebbi, to kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, daga ɗalibai, daga iyaye, har da wani mai tifa. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in amsa kowa ya huta.

Koci, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina mu ina wasan bakin teku?

Yashi wasan yake so, ba ruwan gishiri ba. A Olympics ta Landan 2012 tsakiyar birni anka yi shi, a filin faretin dawaki, da motoci anka kawo yashin. Siwizalan ba ta da teku ko taku ɗaya amma matanta sun ɗauki lambar tagulla a Tokyo sun sake ɗauka a Paris, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin gasanni na duniya a garinsu Gstaad ake yi, can cikin duwatsu. Nan Afirka Ruwanda ma ba ta da teku, bakin tafkin Kivu suke yi a Rubavu, har gasar duniya an kai masu can. To mu fa, ga Neja a Yauri, ga gulbin da ya ratsa Argungu ya biyo ta fadamar Birnin Kebbi, in ruwa ya janye da rani yashi har ya yi yawa. Kuma ai mun riga mun gani da ƙwallon ƙafa ta yashi, sunan Kebbi Fishers ya fita a ƙasar nan ba tare da wani teku ba.

Mi ya raba shi da ƙwallon ragar da munka sani a makaranta?

Mutum biyu ne kowane gefe, ba shida ba. Tsawon fili mita 16, faɗi 8, wato bai kai na siminti ba da yake 18 da 9, amma kar ka yi murna, ku biyu kacal za ku rufe shi kuma ƙafarku na nutsewa. Tsayin raga duk ɗaya ne, mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata. Turmi biyu na farko maki 21 ake ci, in an yi ɗaya da ɗaya sai a yi na raba gardama maki 15, kuma dole ka ba da ratar maki 2. Duk maki 7 ana canja gefe, a turmin ƙarshe duk maki 5, saboda kar rana ko iska ta cuci gefe ɗaya.

Abin da ke rikita 'yan siminti in sun shigo, na farko bulok ana ƙirga shi cikin taɓawa uku, in ka tare ƙwallo a raga ta goge hannunka saura biyu ke nan. Na biyu ba a yarda ka ɗan tura ƙwallo da yatsu buɗe ka ajiye ta bayan mai tarewa ba, sai dai ka dunƙule yatsun ko ka doke ta. Na uku alƙali ba ya wasa da ɗagawa da yatsu, ta ɗan daɗe a hannu ko hannuwan ba su taɓa ta tare ba, sai ka ji usur. Sai babban, babu canji. In ɗayanku ya ji rauni ya kasa ci gaba, wasa ya ƙare, an ba abokan karawa.

Kullum kana cewa wasan kai ne ya fi na jiki, mi kake nufi?

Nufina babu wurin ɓuya. A siminti in karɓar sabis ɗinka, wato bugun da ake fara ƙwallo da shi, ta lalace rana guda, akwai mutum biyar da za su rufa maka asiri, a matso da libero, wato gwanin tsaron baya, gefenka, ko koci ya fidda kai ka zauna benci ka sha ruwa hankalinka ya dawo. A yashi abokan karawa ne ke zaɓen wanda za su aika wa sabis, kuma duba yadda lissafin yake, wanda ya karɓa shi ne dai zai yi duka na uku tunda abokinsa ne zai ɗaga mashi. Wato da sabis ɗaya sun zaɓi wanda zai karɓa sun kuma zaɓi wanda zai buga. In sun lura ƙafarka ta fara rawa to wallahi duk ƙwallo kanka za ta zo, daga farkon turmi har ƙarshe, kuma kowa a filin ya gane abin da ake yi, 'yan kallo sun gane, abokinka ya gane, kai ma ka gane an raina ka ne.

To nan ne ake gane wanda ya maida wasan sana'a. Shi ya riga ya saba, in sabis na ta zuwa kansa ba ya ɗaukarsa cin mutunci, aikinsa ne ya zo. Tsakanin ƙwallo da ƙwallo wajen daƙiƙa 12 ne kawai kafin a sake busawa, cikin wannan ɗan lokaci zai goge tabarau, ya share yashin gabansa da ƙafa, ya tafa da abokinsa, ya yar da wadda ta wuce. Ku lura da su a bidiyo, an ci maki suna tafawa, an zubar suna tafawa, ba don suna jin daɗi ba, hanya ce ta cewa ina nan tare da kai, mu je ta gaba.

Ga shi kuma a manyan gasanni an daɗe ana hana koci ya yi masu magana ana cikin wasa, can cikin 'yan kallo yake zaune. Hutun da za ku nema ɗaya ne a turmi, daƙiƙa 30, ku biyu ku zauna ƙarƙashin lema ku gano da kanku mi ke faruwa, mi za a canja, ba mai gaya maku. Kuma a matakin manya gefen da ke karɓar sabis shi ke cin mafi yawan maki, don haka sai ka ga ana tafiya kafaɗa da kafaɗa har 18 da 18, ƙwallo biyu ko uku ne ke raba turmin gaba ɗaya. Wanda ya yi sakaci na minti ɗaya ya tafi.

Abin da nake gani ga yaranmu kusan kullum shi ne, yaro ya zubar da ƙwallo sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon yashi, ko ya harari abokinsa wai ɗagawar ba ta yi ba, ko ya nuna sama wai iska ce. Kafin ya gama wannan an aiko mashi da wata. Kuskuren maki ɗaya ne tak, fushin da ya biyo baya shi ke maida shi huɗu.

Yatsun nan da suke yi a bayansu kafin sabis fa, na mi ne?

Mai tarewa a raga ne ke gaya wa na baya inda zai rufe. Hannun hagu na abokin karawar da ke hagu, na dama na wanda ke dama. Yatsa ɗaya, zan rufe miƙaƙƙen layi kai ka tsare kwana. Yatsu biyu, zan rufe kwana kai ka tsare layi. Dunƙulallen hannu galibi ba zan yi tsalle ba, zan ja baya mu tsare ƙasa tare. Wasu suna da nasu na sirri ban da waɗannan.

Yaya ake samun abokin wasa, kuma gaskiya ne ana rabuwa ba daɗi?

Gaskiya ne, kuma a ganina wanga shi ne rabin sana'ar. A ƙwallon ƙafa kulob ke sayenka, ka tarar da mutum ashirin da wani abu, wanda jininku bai haɗu ba ka kauce mashi. Nan a ƙasashe da yawa kai ke neman abokinka, ku yi magana ku shirya, galibi dogo mai tare raga da mai sauri da ke tsare baya, ɗaya ya saba da gefen hagu ɗaya dama. Daga nan kuma jirgi ɗaya, ɗakin otal ɗaya sau da yawa don rage kuɗi, abinci tare, atisaye tare, a sha kashi tare a koma ɗaki ɗaya a kwana. Kamar masunta biyu ne cikin ƙaramin kwale-kwale, ɗaya na tuƙi ɗaya na jefa birgi, wanda duk ya miƙe a fusace su duka biyun za su sha ruwa.

Abin da ke ƙara dagula shi, makin da ake tarawa a jadawalin duniya da shi ake shiga gasa, kuma na ku biyun ake haɗawa. To in wani mai maki da yawa ya rabu da nashi abokin ya kira naka, sai ka ji waya cikin dare, yi haƙuri fa, baɗi da wane zan buga. Ba ƙiyayya ba ce, lissafin abinci ne, amma tana ciwo. Waɗanda sunka daɗe tare su ne kuma sunka fi barin tarihi. Misty May da Kerri Walsh na Amurka sun ci zinare a Olympics sau uku a jere, 2004, 2008 da 2012, cikin ukun nan turmi ɗaya tak anka ci su, kuma akwai lokacin da sunka ci wasa 112 a jere ba faɗuwa. Anders Mol da Christian Sørum na Norway da sunka ci zinare a Tokyo tun suna samari suke tare, mahaifin Mol ne ma kocinsu.

Shawarata ga masu farawa, kar ka zaɓi wanda ya fi kowa ƙarfin duka, zaɓi wanda in ka zubar da ƙwallo a 19 da 19 fuskarsa ba ta canjawa. Kuma ku koyi gaya wa juna gaskiya bayan wasa, ba cikin fili ba gaban mutane. Mu nan muna da wata ɗabi'a ta kara, sai mutum ya haɗiye magana wata uku rannan ta fashe gaba ɗaya, wagga ɗabi'a ba ta tafiya da wasan mutum biyu.

Yaya, a faɗa mana gaskiya, akwai kuɗi ciki?

Ga 'yan ƙalilan na can sama akwai. Ga sauran, ƙanina, wahala ta fi kuɗin yawa. A 2022 anka kasa gasannin hukumar duniya FIVB hawa uku, Elite16 na manya, Challenge na tsakiya, Futures na masu tasowa. A shekarun farko na tsarin, waɗanda sunka ci Elite16 dala 30,000 ake ba su, na Futures kuwa wajen dala 1,000, kuma ka tuna biyu za a raba. To ka ɗauki wanda zai tashi daga Najeriya, tikitin jirgi, biza, otal, abinci, ko da ya ci gasar Futures ɗin gaba ɗaya bai maida kuɗin tikiti ba. Babu albashin wata irin na kulob ɗin ƙwallon ƙafa, yawancin masu tasowa su ke biyan koci da mai duba jikinsu daga aljihu ko hukumar ƙasarsu ta taimaka.

Ga kuma zagayen share fage. Wanda makinsa bai kai ba sai ya fara bugawa a nan kafin ya shiga ainihin gasa, kuma faɗuwa ɗaya ce ka tafi gida. Mutum zai yi tafiyar kwana biyu zuwa Brazil ko Meziko, ya buga wasan da bai cika awa ɗaya ba, a cinye shi 21 da 19, 21 da 18, shikenan ya tattara jakarsa. Mako mai zuwa ya sake sayen wani tikitin. Wanda zuciyarsa ba ta iya ɗaukar wannan ba ya daɗewa, komin tsallensa.

Manyan ma ba kuɗin gasa ne kaɗai ke riƙe su ba, kamfanoni masu talla ne da tallafin gwamnatocinsu. Brazil da Amurka suna da gasanninsu na cikin gida masu ƙarfi, na Amurka AVP tun 1983 yake, shi ya sa ɗan wasa can ke iya rayuwa ko bai fita waje ba. Mu nan gida yawancin 'yan ƙwallon raga da na sani sun tsaya da ƙafafunsu ne ta hanyar samun aiki, Kwastam, Sibil Difens, Imigireshin, soja, 'yan sanda duk suna da ƙungiyoyi kuma suna ɗaukar masu hazaƙa. Wannan ita ce ribar da ake iya gani da ido, kuma ko ita tana son takardar makaranta. Don haka duk yaron da ya ce mani zai bar karatu ko ya bar shagon ubangidansa saboda yashi, ni ke fara korarsa daga fili.

Ranar ƙwararren ɗan wasa yaya take?

Ba ta da daɗin kallo. Safiya a yashi kamar awa biyu, kuma mafi yawanta maimaici ne, karɓa, ɗagawa, karɓa, ɗagawa, har ka gaji da ganin ƙwallo. Bayan nan ɗakin motsa jiki, ƙarfin ƙafa da baya da kafaɗa. Da rana barci in an samu. Da yamma ko wani atisayen ko zama gaban kwamfuta ana kallon bidiyon waɗanda za a haɗu da su, wane in an matsa mashi ina yake bugawa, wane sabis gajere ke ba shi wahala. Turawan Arewa in sanyi ya shigo ko su shiga manyan ɗakuna da anka zuba yashi ciki, ko su tafi wurare masu ɗumi irin tsibirin Tenerife su yi makonni. In kakar gasa ta kama kuwa rayuwar filin jirgi ce, yau Doha, jibi Turai, bikin 'yan uwa da suna da Sallah duk suna wuce ka. Hoton nan da kuke gani na rana da kiɗa da tabarau, wannan na 'yan kallo ne.

Ni gajere ne, in haƙura?

A'a. Bruno Schmidt na Brazil mita 1.85 ne, cikin 'yan wasan nan gajere ake ce mashi, kuma ya ci zinare a Rio 2016 saboda ya samu Alison mai mita 2.03 a raga shi kuma ba abin da ke faɗuwa bayansa. Amma kar in ruɗe ka, in ba ka da tsawo dole karɓarka da ɗagawarka su fi na kowa, kuma idonka ya riƙa karanta kafaɗar mai bugu kafin ya buga.

Zafin Kebbi fa, da iskar hunturu, da azumi?

Iska dai ni murna nake da ita. Wanda ya koyi wasa cikin iskar Disamba da Janairu ta nan, ba inda za a kai shi ya ruɗe. Sabon shiga yana zaton gefen da iska ke bayansa shi ne mai kyau, alhali akasin haka ne, in iska na bugun fuskarka kana iya doka sabis da ƙarfi ta danne maka ƙwallo ta faɗa cikin fili, in tana bayanka kuwa sai ta kwashe ta waje. Cikin iska ana rage tsayin ɗagawa, ana matsowa kusa da juna. Rana ma makami ce, akwai wani ɗan Italiya Adrian Carambula da ya yi suna da sabis ɗin da yake cillawa can sama ƙwarai, mai karɓa ya ɗaga kai rana ta cika mashi ido.

Zafi kuwa ba abin wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40, yashin tsakar rana yana sale tafin ƙafa, kuma wasan ba takalmi ake yinsa. Mu bayan asuba muke yi ko bayan la'asar sosai, a yayyafa wa yashi ruwa tukuna, kowa da jarkarsa, wanda ya ce kansa na juyawa ya fita nan take ba jarumta. Da azumi muna maida mai nauyin bayan tarawihi in akwai fitila, kafin shan ruwa sai ɗan taɓa ƙwallo mara gudu. Hukuncin wanda gasa ta kama shi cikin tafiya da azumi kuwa, wannan a tambayi malamai, ba fannina ba ne.

Malam, ɗiyata ce ta nace tana so, ni kuma kayan da na ga matan na sawa sun tayar mani da hankali.

Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ba ce. Amma kayan nan ba dole ba ne. Tun 2012 hukumar duniya ta sassauta dokar sutura, an yarda da dogon wando da riga mai dogon hannu. A Rio 2016 Doaa Elghobashy ta Masar ta buga da hijabi, hannu da ƙafa a rufe, ta kuma sake zuwa Paris 2024 a haka. Don haka ta fuskar doka ba abin da zai hana ɗiyarki ta buga a suturce har matakin ƙarshe.

Abin da ya fi sutura wuya nan wurinmu shi ne wurin yi. Ni ban goyi bayan a kai 'yan mata buɗaɗɗen fili maza su kewaye suna kallo ba, ba za su sake ba, iyaye ma ba za su bari ba. In makarantar 'yan mata mai katanga ta zuba yashi a wani lungu, malama mace ta tsaya masu, an gama magana. Shawarar ƙarshe dai taku ce ke da mahaifinta.

Akwai baƙar fata ko Musulmi da ya kai can sama kuwa?

Sosai. Waɗanda sunka ɗauki tagulla a Tokyo 'yan Qatar ne, Cherif Younousse da Ahmed Tijan, na farko haihuwar Senegal, na biyu haihuwar Gambiya, wato 'yan Afirka ta Yamma ne irinmu, abin da sunka samu can shi ne fili da koci da kuɗin tafiya. Maroko ta wakilci Afirka a ɓangaren maza a Tokyo da Paris. Najeriya kuwa matanmu sun fi mazanmu kai wa nesa, sun ci zinare a wasannin Afirka na Brazzaville a 2015, kuma a 2021 sun kai wasan ƙarshe na neman gurbin Tokyo, Kenya ta doke su. Gurbin nan da ake samu ta gasar nahiya guda ɗaya ne tak ga maza ɗaya ga mata, cikin ƙungiyoyi 24 da ke zuwa Olympics kowane ɓangare, ka ga ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

To daga Kebbi ta ina ake bi?

Ta ƙwallon siminti mafi yawa ke farawa, a makaranta, don a nan hannu ke faɗawa. Daga nan ka nemi kocin ƙwallon raga na hukumar wasanni ta jiha ya san da kai, saboda ta hannun jiha ake zuwa gasar wasanni ta ƙasa, masu jami'a da kwalejin kimiyya kuma suna da nasu, NUGA da NIPOGA. Kaduna ce cibiyar wasan yashi a Arewa, hukumar ƙwallon raga ta ƙasa ƙarƙashin Injiniya Musa Nimrod ta yi gasanni da yawa can, Abuja ma an yi na Afirka a bakin tafkin Jabi a 2019. In kun yi ƙarfi ku biyu, ku tara kuɗin mota ku je inda ake bugawa a cinye ku, don wanda ke cin 'yan unguwarsu kullum bai san matsayinsa ba.

Abu biyu zan ja kunne. Kar ka rage shekaru, ranar da ta tonu ta tafi da kai da kocinka. Sannan duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai fitar da kai Turai ko ƙasar Larabawa ka buga ƙwallon yashi, riƙe kuɗinka, a wasan nan ta hannun hukumar ƙasarka ake yi maka rajistar gasar duniya, ba ta hannun dillali ba.

Rauni fa, kuma har shekara nawa ake bugawa?

Yashi ya fi siminti tausayin gwiwa da idon sawu, shi ya sa ake daɗewa. Jake Gibb na Amurka yana da shekara 45 ya buga Olympics ta Tokyo. Emanuel Rego na Brazil ya je sau biyar, ya ɗauki zinare da tagulla da azurfa. Karch Kiraly, wanda ya ci zinare biyu a siminti a 1984 da 1988 sannan ya ci na yashi a Atlanta 1996, shekarar da wasan ya fara shiga Olympics, bai aje ba sai da ya haura 45. Dalili shi ne wayo na ƙaruwa lokacin da tsalle ke raguwa, tsoho zai ajiye maka ƙwallo inda ba ka nan ba tare da ya yi gumi ba.

Inda ake biya shi ne kafaɗa da ƙugu, saboda ku biyu ne, duk bugu da duk sabis a kanku yake. Kerri Walsh an yi mata aikin kafaɗa ba sau ɗaya ba. Sai yatsun ƙafa da ke lanƙwashewa cikin yashi, da ido da fata saboda rana. Kafaɗa in ta fara ciwo a je asibiti, kar a tsaya shafa man zafi ana ci gaba da duka.

Muna so mu yi namu filin a unguwa, mi za mu tanada?

Wanga tambayar ta mai tifa ce da abokansa. Bayan 16 da 8 ɗin, ku bar aƙalla mita 3 kowane gefe don gudu da faɗuwa, wato wuri mai 22 da 14. Zurfin yashi a doka santimita 40 ne ko fiye, in kun lissafa ya haura kubik mita 120, don haka ku zauna da mai tifa ku yi ciniki tun kafin ku fara haƙa, kar ku tsaya a rabi. Ba kowane yashi ba. Mai kaifin nan na gini yana kankare gwiwa da gwiwar hannu, mai laushi ƙwarai da ya haɗu da laka kuma in ruwa ya taɓa shi sai ya daskare ya yi tauri, ga ƙura. Ku nemi wankakken na gulbi matsakaici, ku tankaɗe shi da rariyar waya irin ta magina, za ku sha mamakin abin da zai fito, tsakuwa, fasasshiyar kwalba, ƙaya, har ƙugiyar masunta mun taɓa tsinta. Ku bar wa ruwan sama hanyar fita ta ƙasa, ku kewaye wurin saboda awaki da ƙarangiya, kuma a riƙa bin shi da manjagara kafin a fara.

Layi ba a zana shi da toka ko fenti, igiya mai faɗi ake shimfiɗawa a kafe kusurwoyin cikin yashi, kar a sa ƙarfe mai tsini da zai fito. Sandunan raga a naɗe su da katifa ko tsohuwar taya. Masu cewa su dai bakin gulbi za su je kyauta, ba laifi da rani in wurin kusa da gari ne kuma an san shi, amma ban yarda a kwashi yara a kai su lungun da ba kowa ba a halin tsaron da ake ciki, kuma a hana su faɗawa ruwa bayan wasa, tsargiya na nan.

Ƙwallon siminti za ta yi, ko sai mun sayi ta yashi?

Ku fara da wadda kuke da ita. Ta yashi ta ɗan fi girma kaɗan, iskar cikinta ba ta kai ta siminti ba don haka ta fi laushi a hannu, kuma ruwa ba ya shiga ta da sauri. Mikasa ake bugawa da ita a gasannin duniya, tana da tsada kuma jabunta sun cika kasuwa, in za ku aika a sayo daga Kaduna ko Legas ku aiki wanda ya taɓa riƙe ta gaske. Kafin nan ku ɗan sace wa taku iska kaɗan ku ci gaba.